Ba Ni Baba Ya Ɗaure Ba

Daga Allah muka zo, wurinsa za mu koma, babu wanda zai yi saura. Baba, mahaifin mijina, ya riga mu. Ya cika wata Laraba da hantsi a ɗakinsa da ke unguwar Kurayyat a Jidda, ina riƙe da kofin ruwan da bai ƙarasa sha ba. Allah ya jiƙansa, ya sa ƙasa ta yi masa sauƙi.

An sallace shi bayan la'asar aka kai shi. Maza suka jera kujeru a layi yadda ake yi a Jidda, ana zagawa da gahawa. Mata suka cika tsakar gida har bakin murhu. Ni na zauna kusa da randa ina amsa gaisuwa.

Kowace ta shigo da kalmarta mai kyau. Wata ta ce shi ya haƙa kabarin mijinta, ko shayin gidan bai tsaya ya sha ba. Wata tsohuwa ta ce jirgi ɗaya ya ƙetaro da su daga Sawakin ta gaɓar Sudan, kuma shi ya bar mata inuwarsa ya zauna a rana. Wata daga Hausawan Sudan ta ce ba ta taɓa jin ya yi da wani ba. Duk gaskiya suka faɗa. Amma idanunsu nake kallo. Baki yana yabon mamaci, ido yana kan katakon da ke jikin bango, inda 'yar bishiyarsa take zaune a cikin kasko, rassanta naɗe da wayar tagulla. Mai goyo in za ta wuce ta wajen sai ta juya ɗanta. Wata ta ja wuyan rigarta ta tofa addu'a a ciki.

Gwaggo, ƙanwar Baba, ta tashi ta ɗauki tsohon zane ta lulluɓe bishiyar. Na tashi na yaye. Ta sake rufewa. Na sake yayewa, na ninke zanen na zauna a kai.

"Ke," ta ce, "ko kwana bai yi a kabari ba za ki fara?"

"Ita ba ta mutu ba, Gwaggo. Ba a yi wa mai rai likkafani."

Ta sunkuyo kusa da kunnena, amma da muryar da kowa zai ji. "Ranar sadakar uku za a kwance wayar nan, a ƙone itacen, a zuba tokar a teku. Liman ya sani, ƙanin mijinki ya sani. Shi ya samu kwanciya, ke ki samu kanki."

Abin da unguwa ta daɗe tana faɗa a ɓoye ke nan, ranar aka faɗe shi a fili. Wai Baba ɗauri ya yi. Wai ni ya ɗaure a jikin bishiyar nan, don kada in sake aure in bar shi babu mai dafa masa. Shi ya sa bishiya ta ƙi girma, ni ma na ƙi tashi. Ƙarya ce. Zan faɗi abin da na sani game da shi, tun ba a binne sunansa da wannan maganar ba.

Baba da ƙafa ya zo ƙasar nan. Ba ya ba da labarin hanya. In an matsa masa sai ya ce, "Mun taso da yawa, mun iso kaɗan," ya ci gaba da abin da yake yi. Ni ban taɓa matsa masa ba, don ni ma ta Sudan na biyo, kuma a can na bar 'yata ta fari a gindin wata ƙaya. Ya yi garuwa a tsohon gari tun ganuwar Jidda tana tsaye, gwangwani biyu a sanda, yana hawa benayen Larabawa har kafaɗarsa ta yi kanta irin ta gwiwar raƙumi. Da ƙarfi ya ragu ya koma aikin lambu a gidajen baƙi a unguwar Ruwais.

Ba mai fara'a ba ne, ba zan yi masa ƙarya don ya mutu ba. Gaisuwarsa gajeriya ce. In mutum ya ja ta da tsawo sai ya ce, "Lafiya lau, sai me?" Ruwan alwala ba ya zuba a ƙasa a gidansa, a kwano ake tarawa a ba shuka. Wanda ya ɗauki ruwa a kafaɗa, in ji shi, ba ya kallon a zubar. Kuma ko ɗansa na cikinsa bai isa ya taɓa masa almakashi ba.

Mijina dako yake yi a tashar jiragen ruwa. Wata rana igiya ta tsinke, kaya suka sauko a kansa. Kafin nan ƙyanda ta riga ta ɗauke ɗanmu. Da na fita takaba ba ni da kowa a ƙasar nan, sunana ma a kan iƙamar gidansu yake, takardar izinin zama. Dangi suka taru a ɗakin Baba suna shawarar a haɗa ni da masu komawa gida bayan Hajji. Ina jin su ta bayan labule. Baba ya bari har kowa ya gama. Sannan ya ɗaga murya.

"'Yata, akwai sauran tuwo?"

Na ce akwai.

"To ɗumama. Gobe ma ke za ki ɗumama, da jibi."

Shawara ta watse a nan. Daga ranar bai sake kirana da wani suna ba sai 'yata. Na san wasu sun riƙe maganar tuwon nan, daga baya suka ce ai ga shi da bakinsa ya faɗa, mai dafa masa yake so. Ni da nake bayan labule na san abin da na ji. Mutum ne da bai iya cewa "zauna, nan gidanki ne" ba, sai ya ce a ɗumama tuwo.

Gidan ƙarshe da ya yi wa aiki na wani Bajapane ne mai shigo da rediyo. Mutumin yana da ƙananan bishiyoyi a cikin kasake, ya zo da su daga ƙasarsu, zafin Jidda yana kashe masa su ɗaya bayan ɗaya. Larabcinsa tsinke-tsinke, na Baba ma ba wani mai yawa ba, saboda haka da hannu suka yi karatun. Ya nuna, Baba ya yi, ya girgiza kai, Baba ya sake. Da zai bar ƙasar babu ko ɗaya mai rai a cikinsu. Ya ba Baba kasko ɗaya da almakashi. Baba ya roƙi wani direba mai zuwa Ɗa'if ya samo masa ɗan dashen sanobar, bishiyar kan dutse ce, ganyenta kamar allura, in ka murza yana ƙamshin ƙaro. Ya kawo ta gida ba ta fi tsawon ludayi ba.

Bajapanen yana kiran irin wannan aiki bonsai. Baba yana cewa bansai. Wani Balarabe mai kanti ya taɓa ganinta ya nemi a sayar masa, Baba ya ce, "Ai sunanta ya ba ka amsa. Ban sai ba, ban sai da ba."

Ni gyaɗa nake soyawa in kai ƙofar makaranta. Ina ɓarar gyaɗa a tsakar gida, shi yana gaban katakonsa, haka muka yi shekaru. Yawancin aikin nasa kallo ne. Zai zauna ya zuba mata ido har shayinsa ya huce, ya juya kaskon kaɗan, ya sake zama. Na taɓa tambayarsa me yake nema. Ya ce fuskarta. Wai kowace bishiya tana da gefen da take fuskantar mutum da shi, kuma sai an same shi ake sanin reshen da zai zauna da wanda zai tafi.

Miƙaƙƙiya yake son ta, daga gindi har tsini, babu karkata. Ta fito da kai biyu, ya yanke ɗaya. "Itace mai kai biyu ba ya sanin inda za shi." Rassa kuma ba ya barin biyu su fito a gaɓa ɗaya suna fuskantar juna. Ɗaya dama, ɗaya hagu a sama da shi kaɗan, ɗaya baya, haka har sama, kowane ya fi na samansa tsawo. Sabon toho da farce yake tsinke shi, don almakashi yana ƙona bakin ganye. Tsofaffin allurai yana cire su ɗaya-ɗaya don haske ya shiga ciki. In sanyi ya shigo sai ya zare ta daga kasko, ya rage saiwa, ya sake mata ƙasa da tsakuwa. Da safe ya fitar da ita rana, kafin azahar ya mai da ita inuwa ya rataya jiƙaƙƙen buhu a gefenta. Ruwan gishiri-gishirin nan na rijiya bai taɓa zuba mata ba, sai mai daɗi, irin wanda muke sha.

Wata rana ya sa almakashi a wani reshe mai kauri can sama, wanda ya fi kowane cika da ganye.

"Baba, wannan ai ya fi duka kyau."

"Shi ya sa."

Ya datse shi. 

"Ya fi na ƙasa da shi ƙarfi," ya ce. "In na sama ya fi na ƙasa, gidan kifewa yake."

Sai waya. Daga mataccen injin fanka yake warwaro tagulla, ya sa a garwashi har ta yi laushi, ya bar ta ta huce. Sannan ya naɗa ta a reshe a karkace, ba matse ba, ba sako-sako ba, ya lanƙwaso reshen ƙasa a hankali. Rassan ƙaramar bishiya sama suke kallo. Shi yana sauko da su. "Yaro ne ke ɗaga hannu sama," in ji shi, "tsoho ya san nauyi." Da haka 'yar bishiyar da ba ta kai gwiwata ba ta fara kama da tsohuwar da ta ga shekaru a kan dutse. Masu wucewa sukan jefa masa karin maganar nan, wai icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ba ya so. "Masu faɗin haka ba su taɓa tanƙwara ko ɗaya ba. Da sun san ɗanyen ma karyewa yake."

A cikin waɗannan shekaru masu neman aurena sun zo. Kowane ya zo Baba yakan kira ni.

"Ga wani. Na bincika, ba shi da laifi. Me kika ce?"

"A'a."

"Dalili?"

"Na binne miji, na binne 'ya'ya biyu. Ya isa."

"To."

Ya fita ya sallame shi. Sau ɗaya ne bai ce "to" ba. Wani mai tsire ne a bakin kasuwa, matarsa ta rasu, yana da ɗakinsa da takardunsa. Baba ya so shi ƙwarai. Da na ce a'a ya buga sandarsa a ƙasa.

"Mutuwa zan yi, 'yata. Wa zai tsaya miki?"

"Wanda ya tsaya mini a Sudan."

"Wannan taurin kai ne, ba tawakkali ba."

"A gidan nan na koya."

Ya yi fushi na gaske. Ya daina cin abincina, yana ci a ƙofar masallaci tare da masu jiran sadaka, don in ji kunya in sauko. Ban sauko ba. Shi ya gaji ya dawo, ya zauna, ya ce miyar ta yi gishiri, ya cinye. Wannan shi ne mutumin da aka ce ya ɗaure ni don kada in yi aure.

A makon da ya dawo ɗin ne Gwaggo ta zo ta same shi yana naɗa waya.

"Yaya, me kake yi wa abin nan haka?"

"Ɗauri nake mata."

Ya yi dariya, shi da ba ya dariya. Na gane abin da ya ba shi dariya. A garinsu, kamar a namu, ɗauri shi ne maganin nan mai ɗaci da ake ɗura wa jariri don ya yi ƙwari. Ga waya yana ɗaurawa, ga jaririya yana reno, kalma ɗaya ta ɗauke duka biyun. Gwaggo ba ta yi dariya ba. Ita ɗauri na uku ta ji, na masu asiri. Ta dubi bishiyar, ta dube ni, ta tuna mai tsire. Kafin Juma'a maganar ta zaga Kurayyat.

Har wata mata ta zo da la'asar, ta rufe fuska, ta durƙusa a gabansa, wai mijinta ya fiye yawo, a taimaka a ɗaure mata shi. Baba ya tambaye ta shekarun mijin. Ta ce ya yi furfura.

"Ya bushe," ya ce. "Ba ya lanƙwasuwa. Tashi ki je."

Na ce masa, "Baba, ka fita ka yi musu bayani. Ƙasar nan ba a wasa da maganar sihiri, musamman a kan baƙar fata. Wani zai kai ƙara."

"Wa ya tambaye ni?"

"Ba wanda ya tambaya, yaɗawa kawai suke yi."

"To wanda ya tambaya zan faɗa masa. Ba zan bi gida-gida ina rantsuwa a kan abin da ban yi ba."

Ya ƙi mai da ita cikin ɗaki. Ya ƙara ɗaga katakon ma, yadda mai wucewa zai hango tsininta ta saman katanga. Ba wanda ya tambaya har ya mutu.

Ciwon ƙirji ne ya kwantar da shi a farkon zafi. Hannunsa ya fara rawa, ko kofi ba ya riƙewa. Akwai reshe ɗaya a ƙasa da ya fara ɗagowa, da tsinin da ya ɗan karkata, duka suna son waya. Ya sa na kawo kaskon bakin shimfiɗarsa. Ya miƙo mini tagulla. Ranar na fara taɓa ta.

"Tokare gindin reshen da babban yatsa. Naɗa a karkace. Ba haka ba, kin shaƙe shi. Warware. Sake."

Na sake har ya daina cewa sake.

"Yanzu sauko da shi. Sannu. Yatsanki zai ji yana so ya ƙi. Nan za ki tsaya. In kunnenki ne ya ji, kin makara."

Na sauko da shi, na miƙar da tsinin. Ya daɗe yana kallo.

"Ba laifi," ya ce. A bakinsa wannan babban yabo ne. "Kada a cire sai zafi ya wuce, sai kin ga wayar ta fara kama ɓawo. In aka yi gaggawa reshe zai koma inda ya fito, an wahalar da shi a banza."

Ranar sadakar uku, bayan an ci shinkafa an raba gumba, suka zo. Gwaggo a gaba. Liman ya tsaya a bakin ƙofa, bai shigo cikin mata ba. Ƙanin mijina yana riƙe da filaya da gwangwanin kananzir. Shi a Jidda aka haife shi, Hausarsa gauraye take da Larabci, direba ne a wani kamfani, kuma yanzu gidan da iƙamata duk a hannunsa suke. Ni na riga na sauke kaskon na ɗora a cinyata.

"Matar yaya," ya ce, bai kalle ni ba, "halas, ya isa haka, ba ni ita. Mu gama."

"Ka taɓa ganin ubanka ya yi asiri?"

"La, wallahi. Amma mutane suna magana. In maganar ta kai inda ba a so, ni za a kira, ba su ba. Ina da yara. Itace ne fa, ya sheikha."

"Itace ne, shi ya sa ka zo da liman?"

Gwaggo ta durƙusa a gabana. Tana kuka, kuma kukan gaskiya ne, ban taɓa cewa ba ta ƙaunata ba.

"Don ke nake yi, 'yar nan. Ƙuruciyarki ta ƙare a gindin murhu. Maza nawa suka zo? Mace mai lafiya ba ta ƙin aure haka kawai. Yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, amma da kunnena na ji ya ce ɗauri."

"Kin ba 'ya'yanki ɗauri suna jarirai?"

"Na ba su."

"Su wa kika ɗaure?"

Wata a bayanta ta yi dariya ta toshe baki. Gwaggo ta ce, "Wannan daban."

"Wayar nan da kuke gani," na ce, "ta ƙasa da ta sama, ba shi ya naɗa ba. Hannunsa ba ya riƙe kofi. Ni na naɗa. In ɗauri ne, ni na ɗaure kaina. Kuma mai tsire yana nan da rai a bakin kasuwa, ku je ku tambaye shi wa ya so a yi auren, wa ya ƙi. Ba wanda ya zaunar da ni. Ni na zauna."

Liman ya yi gyaran murya daga bakin ƙofa. Mutum ne mai sauƙi, ya yi shekaru yana salla da Baba a bayansa.

"Baiwar Allah," ya ce, "ni ban ce marigayi ya yi wani abu ba, Allah shi ne shaida. Amma zukatan mutane ba su kwanta ba. A bar maganar ƙonawa. A kwance wayar kawai a gabansu, kowa ya gani ya huta. Me zai ragu?"

Maganarsa da sauƙi, kuma na ga ƙanin mijina ya saki numfashi. Na yi tunani. Da na miƙa a kwance, da na kwana a ɗakina. Amma gobe za a ce an kwance ɗaurin tsohon nan ranar uku, liman yana tsaye. Haka jikokinsa za su ji, haka za su faɗa wa nasu.

"Allah ya gafarta malam, abu biyu za su ragu. Reshe zai koma inda ya fito, don lokacinsa bai yi ba. Kuma duk wadda ke tsakar gidan nan za ta tafi da cewa akwai abin da aka kwance. Ba zan kwance ba. In zafi ya wuce zan cire da hannuna, don lokaci ya yi, ba don an ce ba."

Gwaggo ta miƙe ta share fuska. "To ni da gidan nan har abada, muddin abin nan yana ciki. Kuma ba ni kaɗai ba."

Ƙanin mijina ya ajiye kananzir ɗin. "Matar yaya, kada ki sa ni a tsakiya. Ke gidanki ne, wallahi gidanki ne, ba mai cewa ki fita. Amma ita ba za ta kwana a nan ba."

"Na ji."

Na shiga ɗaki na ƙulle kayana a zane ɗaya, ba su da yawa. Na ɗauki almakashin da sauran tagulla. Na ɗaura ƙunshin a baya kamar goyo, na naɗa gammo, na ɗora kaskon a ka.

"Ina za ki?" in ji shi. "Esh hada, mene ne haka? Kan itace?"

"Kan ubanka."

Ya ɗauka zagi ne, har ya ɗago kai. Sannan ya gane, ya matsa daga ƙofa.

Hanya ɗaya ce daga gidan, ta tsakiyar kujerun maza. Ban rufe ta ba. Na bi ta tsakiyarsu da rana tsaka, ita a kaina a miƙe, tagullarta tana ƙyalli. Wasu suka janye ƙafa, wasu suka kau da kai. Wani tsoho da suka yi garuwa tare da Baba ya bi ta da ido har na zo daidai shi, ya ce, "Ashe haka take da kyau. Ban taɓa matsowa ba." Ban tsaya ba.

Wata da muke tallar gyaɗa tare tana da sandaka a bayan unguwa, ɗakin kwano da katako. Ta ga abin da ke kaina, ta ga fuskata, ta matsar da tabarmarta. A nan nake har yau. Ƙanin mijina bai cire sunana daga takarda ba, kuma yakan aiko da shinkafa, amma bai zo ba. Gwaggo ta koma shiga gidan. In mun haɗu a hanya muna gaisawa.

Kwanon sandaka yana da zafi fiye da gidan Baba. Na sha wahala da ita a bazarar nan, wasu allurai suka yi ja, na ɗauka za ta tafi. Ba ta tafi ba. Da iska ta fara sanyi na ga wayar ta fara kama ɓawo. Na fito da kaskon ƙofar ɗaki da safe, inda mata ke wucewa zuwa famfo. Na warware ta ƙasa. Reshen ya zauna inda aka ajiye shi, bai motsa ba. Na warware ta sama. Tsinin ya tsaya, sannan kafin azahar ya ɗan koma gefensa na da. Hannuna bai kai nasa ba tukuna.

Allah ya jiƙan Baba, ya yafe masa zafin ransa da gajeriyar gaisuwarsa, ya shayar da shi ruwa mai daɗi kamar yadda ya shayar da gidajen mutane. Wanda ya faɗi abin da bai gani ba a kansa, tsakaninsa da shi, ni ba ni da hurumin yafewa.

Na hura garwashi, na sa sabuwar tagulla ta yi laushi. Matan famfo suna tsaye da bokitansu suna kallo. Na tokare tsinin da babban yatsa, na sake ɗaure shi.